Giya ta Uku

Shekara tara tana kwance a gindin durumi
a lungunmu na Gyaɗi-Gyaɗi,
tayoyi huɗu sun sace, sun durƙusa.
Kazar Inna Kande ta ƙyanƙyashe sau uku
a kujerar direba.
'Yan gwangwan sun zo da sikeli, sun taya.
Na ce albarka.

A-kori-kurar Baba ce, farar Fijo
mai jigilar albasa zuwa 'Yankaba
tun ban san dama da hagu ba.

Da igiya muka ja ta har Kwakwaci.
Malam Sallau ya ɗaga murfin inji, ya yi shiru,
ya tsoma yatsa a baƙin mai, ya shinshina,
ya ce, "Hamisu, wannan ai kwalta ce."
Fistin huɗu sun cije, ko gezau.
Kwana uku yana ɗura musu kalanzir ta ramin fulogi
safe da yamma, kamar mai jinya da cokali.
Ran na huɗu ɗaya ya saki,
sauran suka bi, don kunya.

Sai Ƙofar Ruwa, takarda a aljihuna:
zobba, gaskit, bawul biyu, faifan kuloci.
Rumfa bakwai ana ce mini an daina yayinta,
kafin wani dattijo ya taka tsani
ya sauko da kwalin da gara ta ci rabinsa.
Albashin wata biyu ya bi ruwa.
Ladidi ta ce, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba,
"Mai tsohuwar mota ba ya ajiya."

Ranar da aka sauke giyabos
Sallau ya baje haƙoran a kan buhu,
ya wanke su da fetur ɗaya bayan ɗaya,
sannan ya yafito ni.
"Zo ka ga mahaifinka.
Ta ɗaya ta sha wuya, mutum ne mai danƙara lodi.
Ta huɗu kamar ba a taɓa ba, bai san gaggawa ba.
Ribas sabuwa fil,
in ya sa gaba, ya sa ke nan.
Amma dubi ta uku, haƙora biyu sun ɓantare.
A nan ya yi rayuwarsa."

Sai na tuna ƙafarsa cikin silifa.
Yakan taka kuloci sau biyu, ya dakata
kamar mai jiran liman ya ɗago,
kana ya tura.
Ina yaro a gefensa, warin albasa na sa ni hawaye,
na ɗauka yanga ce irin ta direbobi.
Ashe ciwo yake lallaɓawa
don kuɗin makarantarmu kada ya tafi gareji.

Ba mu sami ta ukun ba.
Ba Ƙofar Ruwa, ba Sabon Gari.
Sallau ya goge abin da ya saura, ya mayar,
ya ce, "Za ta shiga, in ka iya roƙo."

Laraba bayan la'asar, da batirin aro,
yaran gareji biyar suka tura.
Ta yi tari. Ta sake.
Salansa ta tofo gidan zanzaro da shuɗin hayaƙi,
sai ga muryar nan, 'yar shaƙaƙƙiya,
wadda nakan ji daga soro in ruga buɗe ƙofa.
Mai shayi ya miƙe tsaye da ludayi a hannu.

A Titin Katsina na sa ta ɗaya, na sa ta biyu.
Ta uku ta yi ƙara, ta ƙi.
Masu a-daidaita-sahu suna ta hon a bayana,
wani ya leƙo ya ce in kai ta gidan tarihi.
Na taka sau biyu.
Na dakata.
Hannuna a kan sandar da tafinsa ya siɗe,
na ƙirga numfashi ɗaya,
na tura.